Kuɗin wanki a gidan haya: wa zai biya ruwa, wa zai biya wuta?

A gidajen kompaun, wato gidajen haya na haɗaka, na unguwannin Nima da Mamobi da Newtown a Accra famfo ɗaya ne, mita ɗaya, igiyar shanya biyu ko uku, ɗakuna kuwa goma ko fiye. Da can rigimar wanki bata wuce ta igiya da waye ya bar ruwan kumfa a tsakar gida ba, yanzu da injin wanki ya fara shigowa wasu gidajen sai maganar kuɗi ta ƙaru a kai. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Mai gida ya kawo injin wanki ya ce kowane ɗaki zai ƙara kuɗi duk wata, ko ka yi wanki ko baka yi ba. Dole ne in biya?

Fara duba takardar da kuka sa hannu. Dokar haya ta Ghana, Act 220 ta 1963, ta ce kada a karɓi adibas, wato kuɗin hayar da ake biya tun gaba, da ya wuce na wata shida, amma kowa ya san a Accra shekara ɗaya ko biyu ake karɓa, toh kaga wanda ya zube kuɗin shekara biyu ya riga ya sayi zamansa a kan sharaɗin da aka yi ranar, idan babu maganar inji a ciki ba daidai bane a tsakiyar tafiya a ɗora masa sabon kuɗi ba da yardarsa ba. Sai dai fa shi ma bashi da hakkin taɓa injin. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa akwai ofishin Rent Control mai sauraron rigimar haya, amma ni dai shawarata a fara da zama, a samu wani dattijo a gidan ko limamin layi a ce Alhaji ga abin da muke gani, don mai gidan da ka kai ƙara shi ne zaka koma wurinsa ranar da adibas ya ƙare.

Shin wai wanki ɗaya wutar nawa yake ci?

Kaɗan, kuma nan ne mutane suke mamaki. Injin nan mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, wanda aka fi saya saboda sauƙin kuɗi, motarsa wajen wat 300 zuwa 500 take ja, kuma ba ta juyawa awa guda cur, don haka wanki ɗaya da wuya ya kai rabin yunit. Dutsen guga kuwa wat 1,000 ne zuwa sama. Wato saurayin da ya tsaya ranar Alhamis da daddare yana goge kaftani uku da kayan aiki na sati ya ci wuta fiye da matar da ta wanke kayan yara a inji, amma ita ake harara saboda injinta na ƙara kowa na ji, shi kuwa gugarsa a ɗaki yake yi shiru.

Inda lissafin ke canzawa shi ne injin mai ƙofa a gaba idan aka sa shi ya dafa ruwa, hitarsa kaɗai tana kai wat 2,000. A zafin Accra ban ga dalilin dafa ruwa ba sai ko kayan jarirai ko na mara lafiya.

To in haka ne me ya sa kuɗin wutar da muke sawa a mitar firifed ke ƙarewa da wuri, bil na ruwa kuma kullum hawa yake?

Saboda mita ɗaya kuke ci, kuma farashin hawa-hawa ne. Hukumar PURC ce ke yanka farashin wuta da ruwa, kamfanin wuta ECG da na ruwa Ghana Water su karɓa. A wuta akwai rangwame ga mai ƙaramin amfani, wanda bai wuce yunit 30 a wata ba, a da 50 ne sai aka rage shi a 2022, shekarar da aka ƙara kuɗin wuta da kashi 27 da ɗoriya cikin ɗari, na ruwa da kashi 21 da ɗoriya. Mutum ɗaya mai ƙwan fitila biyu da fanka zai iya zama a cikin wannan rangwamen da mitarsa daban take, amma mitar bata san ku goma bane, gida ɗaya take gani mai cin wuta da yawa, kafin sati ya zagayo kun wuce 30 kowa ya koma biyan farashin sama.

Ruwa ma haka. Kubik mita 5 na farko a wata shi ne mai araha, daga nan farashi ya tashi. Kubik ɗaya lita 1,000 ne, galan Kufuor, jarkar nan ta ɗibar ruwa, 40 kenan in mai lita 25 ne, biyar ɗin gaba ɗaya galan 200. Raba galan 200 wa ɗaki goma ka gani, kowane ɗaki galan 20 a wata, wanka da girki da alwala da ban ɗaki, ba a ma zo kan wanki ba. Shi ya sa duk ruwan da inji ya sha a gidan kompaun a farashin sama ake biyansa, kuma injin mai baho biyu mashayin ruwa ne, in aka haɗa da ɗauraya sau biyu yana wuce lita 100 cikin sauƙi, mai ƙofa a gaba kuwa wajen rabin haka. Ruwan ne ainihin kuɗin, ba wutar ba.

Mu a gidanmu foyin muke yi, wato raba kuɗin wuta gwargwadon kayan wutar kowane ɗaki. Foyin nawa ya kamata a ba injin?

Tsarin foyin, ƙwan fitila ɗaya kaza, talabijin kaza, firij kaza, an yi shi ne don kayan da ke ɗakin mutum. Injin da kowa ke amfani da shi bai shiga wannan tsarin ba, don foyin yana ƙirga abin da ka mallaka ne ba sau nawa ka kunna ba. Mai 'ya'ya biyar da ke wanki sau uku a sati da wanda sai ya ga kwandon ya cika baza su biya ɗaya ba a ce an yi adalci.

Abin da nake ganin ya fi shi ne a biya kan kowane wanki. Littafi ɗaya a rataye kusa da inji, ka rubuta lambar ɗaki da rana, kuɗin kuma ka tura ta MoMo, wato ta waya, ga wanda aka yarda da shi kafin ka kunna, ba bayan ka shanya ba. In da hali a sa ƙaramar mita a soket ɗin injin, masu gyaran wuta sun san ta, ita zata kashe gardamar waye ya cinye yunit.

Ya ake fitar da kuɗin wanki ɗaya?

Misali kawai zan bayar, ku sa naku farashin. A ce an sayi injin sidi 3,000, ana sa ran ya yi shekara uku, ana wanki goma a sati. Wanki 1,500 da 'yan kai kenan, kowane ɗaya ya ci wajen sidi 2 na kuɗin injin kansa. Sai ka ɗora rabin yunit na wuta, ka ɗora ruwan galan huɗu ko biyar a farashin da ke kan bil ɗinku na watan jiya, sannan ka ƙara wani abu na gyara. Wannan na ƙarshen shi mutane ke mantawa. Sabulu kowa ya zo da nasa, Omo ne ko So Klin ko Key Soap, kar ma a fara haɗa kuɗin sabulu don nan ne zumunci ke ɓaci.

Ni gwauro ne, kayana 'yan kaɗan ne, da hannu nake wankewa. Ina ruwana da kuɗin inji?

Babu, in dai kan kowane wanki ake biya. Amma yaya kar ka manta ruwan bokitinka ta mitar nan ya bi, kuma matan gidan ne ke wanke wurin wankin da kwatar da kake zubar da kumfa.

Famfonmu sai ya yi kwanaki bai zo ba. Injin yana da amfani a haka?

Nan ne lissafin ke rushewa. Ruwan Accra daga Weija da Kpong yake zuwa mafi yawa, kuma rabonsa ake yi unguwa-unguwa, wani layin sai tsakar dare zaka ji famfo na tari kowa ya fito da galan. Ranar da babu, sayen ruwa ake yi a wurin masu tanki ko a kira tanka, kuma galan ɗin da ka saya a layi ya ninka na famfo tsada sau da yawa, ga kuɗin yaron da zai ɗauko. Wankin galan biyar da ruwan saye ba ƙaramin kuɗi bane. Gidan da bashi da foli tank, babban tankin roba na ajiyar ruwa, a sama ko a ƙasa gara a fara tara kuɗin tankin kafin a yi maganar inji, kuma a sa farashi biyu a littafin, na ranar famfo da na ranar saye, in ba haka ba wanda ya yi wanki ranar tanka ya ci kuɗin sauran.

In ya lalace wa zai gyara?

Mai shi, daga kuɗin gyaran da aka riƙa tarawa. In na mai gida ne kuma yana karɓar kuɗi to gyara nasa ne, ba ya karɓi kuɗi wata takwas sannan ranar da bel ya tsinke ya ce a yi karo-karo ba. In 'yan haya ne suka haɗa suka saya sai a rubuta tun farko me za a yi ranar da ɗaya zai tashi, a mayar masa da wani abu ne ko ya bar wa gida, don wallahi wannan maganar tafi ta gyara zafi.

Abin da ke kashe injin haɗaka sananne ne. Cusa kaya fiye da ƙima don a biya kuɗin wanki ɗaya maimakon biyu, bargo da darduma a tura su tare, sai sulalla da makulli da aka bari a aljihu, sai wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan dumso, wato ɗaukewar wuta. Na ƙarshen maganinsa ɗan abin karewar nan da ake sa wa firij, bai kai kuɗin sabuwar motar injin ba. Kuma a rufe shi daga ruwan sama, watan Yuni a Accra ba wasa bane.

Ba gara in ba masu wankau ba kawai?

Ga shadda da leshi da babbar riga, eh, dama inji ba nasu bane, shadda mai tsada sai wanda ya san sitaci da bugu, kuma satin Sallah in baka kai da wuri ba sai dai ka sa tsohuwa. Matan da ke zuwa gida su yi wanki ma suna nan, amma ka tuna ruwa da sabulu naka ne, kuma ruwan ta mitar gida zai bi, don haka in kana kiran mai wanki duk sati ka faɗa wa mai riƙe da littafi a sa maka naka kason na ruwa. Kayan makaranta da zanin gado da tawul su ne inji ke saukaƙa wa, musamman ga matar da ke fita kasuwa tun asuba bata dawowa sai magariba.