Ƙananan gidajen abinci da mashaya a birane

Ƙananan gidajen abinci da mashaya na unguwa su ne wuraren da mazauna birni ke sayen dafaffen abinci ko abin sha su zauna su ci a nan take, ba tare da an kama musu wuri tun kafin su zo ba, ba tare da wata shiga ta musamman ba, kuma a kan farashin da mai neman na yau da gobe zai iya biya a kai a kai. Yawancinsu mallakar mutum ɗaya ne ko iyali guda, abincin da suke dafawa bai da yawan iri, masu cinikinsu kuma galibi mutanen da ke zaune ko aiki a kusa ne. Sun riga manyan gidajen abinci na alfarma samuwa da ƙarnuka masu yawa, domin buƙata ce ta haife su: birni yana tara mutanen da ba su da murhu a ɗakin da suke haya, ko ba su da mai dafa musu, ko kuma aiki ya nisanta su da gida a lokacin cin abinci.

Zamanin da

Ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambaci irin wannan sana'a shi ne kundin dokokin Hammurabi, sarkin Babila, wanda aka rubuta wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa. Dokokin sun nuna cewa mata ne ke riƙe da gidajen giya. An tanadi hukuncin jefawa cikin ruwa ga wadda ta yi algus a ciniki, da hukuncin kisa ga wadda masu laifi suka taru a gidanta ba ta miƙa su ga fada ba. Tun daga wancan lokaci ake ganin abubuwa biyu da hukuma ba ta daina sa wa ido a kansu ba, wato gaskiyar mudu da kuma irin mutanen da ke taruwa a wurin.

Shaida mafi bayyana daga daular Rum take. Aman wutar dutsen Vesuvius a shekara ta 79 ya binne garuruwan Pompeii da Herculaneum a Italiya, kuma tokar ta adana shagunan abinci kamar yadda masu su suka bar su. Shago irin wannan yana da kanta ta dutse mai fuskantar titi, an binne manyan tuluna a cikinta, ga murhu a gefe, wani lokaci da ɗan ɗaki a baya inda ake zama. Masu binciken kayan tarihi sun saɓa kan yawansu a Pompeii, wasu suna ƙirga kimanin 80, wasu kuma kusan ninki biyu na haka, gwargwadon abin da kowa ya ɗauka a matsayin shagon abinci. Akwai kuma saɓani kan tulunan, ko dafaffen abinci ake zubawa a ciki ko busassun kaya. A wani shago da aka kammala tonowa aka nuna wa jama'a a watan Disamba na 2020, an sami ragowar ƙasusuwan agwagwa da akuya da alade da kifi, har da dodon koɗi, ga zanen kaza da agwagi a jikin kantar.

Masu hali a Rum suna cin abinci a gidajensu, kuma marubutansu sun riƙa siffanta waɗannan shaguna a matsayin matattarar bayi da matuƙan jirgin ruwa da 'yan caca. Ya kamata a karanta wannan siffa da lura, domin waɗanda suka rubuta ta suna da ɗakin girki da kuku, masu cin abinci a shagunan kuwa ba su bar rubutu ba. Sarakuna da dama sun takura wa sana'ar. An ruwaito cewa Claudius ya hana sayar da dafaffen nama da ruwan zafi, Nero kuma ya taƙaita abin da za a dafa ga ganyayyaki da dangin wake.

A ƙasar Sin, sana'ar ta kai wani matsayi a zamanin daular Song wanda Turai ba ta kai ba sai bayan ɗaruruwan shekaru. Meng Yuanlao, wanda ya yi gudun hijira zuwa kudu bayan faɗuwar birnin Kaifeng a 1127, ya rubuta abin da yake tunawa na babban birnin, kuma gabatarwar littafinsa tana ɗauke da shekarar 1147. Ya ambaci manyan gidajen giya 72, da ƙanana masu ɗimbin yawa da ke sarin giya daga wurinsu, da kasuwannin dare, da gidajen da suka ƙware a girkin kudu ko na yankin Sichuan domin baƙin da ke kewar abincin garinsu. Ya kuma bayyana yadda mai kai abinci ke bin baƙi yana tambayar kowa abin da yake so, ya haddace, ya je bakin ɗakin girki ya rero shi da murya, sannan ya dawo da kwanuka uku a hannun hagu da kimanin ashirin jere a kan hannun dama har kafaɗa. Abin lura a nan shi ne zaɓi, domin kowane baƙo yana faɗin abin da ransa ke so ne, ba a zuba masa abin da ke tukunya kawai ba.

A biranen Musulunci irin su Bagadaza da Dimashƙu da Alƙahira, jama'a da yawa suna sayen abincinsu daga masu dafuwa na kasuwa, saboda tsadar itace da matsin gidaje. Kula da su yana hannun muhtasibi, wato jami'in hisba mai duba kasuwa. Littattafan hisba, kamar na Ibn al-Ukhuwwa wanda ya rasu a 1329, sun umarci masu dafuwa su riƙa rufe tukwanensu daga ƙudaje, su wanke su da ruwan zafi, kuma kada su haɗa naman akuya da na tunkiya ko na raƙumi da na sa. Waɗannan ƙa'idoji suna cikin tsofaffin misalan aikin dubagari a kan abinci.

A Landan, William Fitzstephen ya rubuta a shekarun 1170 cewa akwai wurin dafuwa na jama'a a bakin kogi, inda ake samun gasasshe da soyayye da dafaffe, nama mai araha ga talaka, mai tsada ga mai kuɗi.

Mashaya da gidajen gahawa

A Ingila, Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu gidajen giya kafa alama a ƙofa a 1393 domin jami'an da ke duba ingancin giya su gane su, kuma dokar 1552 ta sa sai da lasisin alƙalan yanki ake buɗe irin wannan gida. A Japan, wuraren da ake kira izakaya sun samo asali ne daga shagunan sayar da giyar shinkafa waɗanda suka fara barin masu saye su zauna su sha a wurin, daga baya aka ƙara musu ɗan abin taɓawa. Ana danganta bunƙasar gidajen abinci masu araha a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, da babbar gobarar 1657, wadda ta jawo leburori marasa iyali domin sake gina birnin.

Inda addini ya haramta barasa, gidan gahawa ne ya ɗauki aikin tara mutane. Masanin tarihin Usmaniyya Ibrahim Peçevi ya ruwaito cewa mutum biyu, Hakam daga Halab da Shams daga Dimashƙu, su ne suka buɗe gidajen gahawa na farko a Istanbul wajen 1554 ko 1555. Sarki Murad na Huɗu ya rufe su a 1633. Gidan gahawa na farko a Landan ya buɗe a 1652 a hannun Pasqua Rosée, kuma a ƙarshen 1675 Sarki Charles na Biyu ya yi shelar rufe dukkan gidajen gahawa bisa zargin cewa a nan ake yaɗa maganganun ɓatanci ga gwamnati, amma ya janye shelar cikin 'yan kwanaki. A duka biranen biyu, hirar da ake yi ce ta fi damun masu mulki fiye da abin da ake sha. Kasuwar inshora ta Lloyd's ta taso ne daga wani gidan gahawa da Edward Lloyd ya buɗe a Landan a ƙarshen shekarun 1680.

Paris da zamanin masana'antu

Kafin tsakiyar ƙarni na 18, wanda ya so cin abinci a waje a Paris yakan zauna ne a teburin masauki tare da baƙi, a sa'a ƙayyadajjiya, ya ci abin da aka dafa ranar. Kalmar Faransanci restaurant, wadda duniya ta ara ta zama sunan gidan abinci, asalinta sunan romo ne da ake sha domin dawo da ƙarfi. Labarin da ya fi yaɗuwa yana cewa wani mai suna Boulanger ne ya fara sayar da shi a 1765, amma masaniyar tarihi Rebecca Spang ba ta sami shaidarsa a takardun zamanin ba, ta kuma danganta farkon ga Mathurin Roze de Chantoiseau wajen 1766. Sabon tsarin ya kawo tebur na kowa daban, da rubutaccen jerin abinci mai farashi, da damar zuwa a lokacin da mutum ya so. Da farko na masu hali ne. Wani mahauci, Pierre-Louis Duval, ya sauko da shi ga ma'aikata lokacin da ya buɗe gidan romo da dafaffen nama a 1855. Game da kalmar bistro, wato ƙaramin gidan abinci a Faransa, ana yawan cewa sojojin Rasha ne suka kawo ta a 1814, amma masana harshe sun yi watsi da hakan domin ba ta bayyana a rubuce ba sai a shekarun 1880.

Masana'antu sun raba wurin aiki da gida, sun kuma ƙayyade hutun rana, abin da ya sa abincin waje ya zama larura ga miliyoyin mutane. Shagunan soyayyen kifi da dankali sun bayyana a Ingila wajen shekarun 1860, kuma Landan da Lancashire kowa na cewa a wurinsa aka fara. A Amurka, Walter Scott ya fara sayar da abinci daga keken doki ga ma'aikatan dare a birnin Providence a 1872, kuma daga irin wannan keke ne ƙananan gidajen abinci masu doguwar kanta suka samo asali. Mashaya da yawa a can suna ba da abincin rana kyauta ga wanda ya sayi abin sha, har zuwa lokacin da aka haramta barasa a ƙasar daga 1920 zuwa 1933.

Baƙin haure suna da babban kaso a wannan tarihi, domin sana'a ce da ake shiga da ƙaramin jari da hannun 'yan gida. Mutanen Sylhet na Bangladesh ne suka riƙe yawancin gidajen da ake kira na abincin Indiya a Birtaniya, Turkawa kuma suka yaɗa gasasshen naman döner cikin burodi a Berlin tun farkon shekarun 1970.

Waɗannan wurare ba su kasance a buɗe ga kowa ba a ko'ina. A ranar 1 ga Fabrairu 1960, ɗalibai baƙar fata huɗu suka zauna a kantar abinci ta shagon Woolworth a Greensboro, jihar North Carolina ta Amurka, inda ba a sayar wa baƙar fata a zaune, suka ƙi tashi. Irin wannan zaman dirshan ya bazu zuwa birane da dama, kuma dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta haramta wariya a gidajen abinci. Mashaya da yawa a ƙasashe daban-daban sun daɗe suna hana mata shiga ko keɓe musu wani ɗaki.

Yadda suke aiki

Riba a kan kowane kwano kaɗan ce, saboda haka gidan yana rayuwa ne da yawan ciniki da kuma dawowar mutanen da suka saba. Wannan ne ya sa ake taƙaita irin abincin, a dafa da yawa tun da safe, a rage asarar abin da ya kwana. A wuraren da ke sayar da abin sha, ribarsa takan fi ta abinci. Tukwici ga masu kai abinci babban ɓangare ne na abin da suke samu a Amurka, a Japan kuwa ba al'ada ba ce.

Doka da halin yau

Kusan kowace hukumar birni tana neman lasisi da binciken tsafta. Gundumar Los Angeles ta fara liƙa sakamakon bincike a ƙofar gidajen abinci a 1998, birnin New York ya bi sahu a 2010. Ireland ta hana shan taba a mashaya da gidajen abinci a 2004. Shekarun da aka yarda a sayar wa mutum barasa 21 ne a Amurka, 18 a ƙasashe da dama, wasu ƙasashen kuma sun haramta ta gaba ɗaya. Ana muhawara kan yawan gishiri da mai a abincin waje, da kan kuɗin da kamfanonin kai abinci ta manhajar waya ke cira daga ciniki. Annobar korona ta 2020 ta tilasta rufe wuraren zama na tsawon watanni a birane da yawa.

Singafo ta bi hanyar da ba kasafai ake bi ba. Maimakon korar masu sayar da abinci a titi, gwamnati ta yi musu rajista a ƙarshen shekarun 1960, sannan tsakanin 1971 da 1986 ta gina musu cibiyoyi masu ruwan famfo da magudanai da teburan da kowa ke zama. A 2016 kundin Michelin, mai tantance ingancin gidajen abinci, ya ba rumfuna biyu a birnin tauraron yabo, kuma a Disamba 2020 hukumar UNESCO ta sanya al'adar cikin jerin gadon al'adun ɗan Adam. Yawancin masu dafuwa a cibiyoyin sun manyanta, kuma hukumomi sun ɓullo da shirye-shiryen koyon sana'a domin matasa su gaji rumfunan.