Ba a soke hukuncin kisa a Nijar ba

Duk fadar shayin da ka zauna a Damagaram, daga Birni har Zango, in aka tada zancen wani da ya yi kisan kai sai ka ji an ce: «Ai Nasara sun sa an soke hukuncin kisa, shi ya sa ba a jin tsoro.» Na sha jin haka har daga bakin dattawa, alhali ba haka abin yake ba.

Hukuncin yana nan daram a kundin hukunta laifuka na ƙasa. Kisan da aka shirya da gangan, kashe iyaye, kisa da guba, cin amanar ƙasa, duk doka ta tanadar musu shi, ta hanyar harbi. Alƙalai kuma suna yanke shi har gobe. A watan Disamba na 2010, lokacin riƙon ƙwarya na Salu Jibo, an kai batun sokewa gaban majalisar shawara, ta ƙi.

Abin da aka daina shi ne zartarwa. Rabon da a harbe wani bisa hukunci tun 1976, zamanin Seyni Kunce, bayan yunƙurin juyin mulkin watan Maris. Tun daga nan wanda aka yanke wa sai dai ya zauna gidan kaso, wani lokaci shugaban ƙasa ya sassauta masa zuwa ɗaurin rai da rai.

Wannan ruɗani yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin da shi wasu ke kafa hujjar rufar ɓarawo da duka a bakin kasuwar Dole kafin ƴan sanda su iso.