Kusa da ƙarfen sabis waya ta fi samun hutu

Mutane da yawa sun ɗauka wayar salula ta fi fitar da ƙarfi idan tana kusa da ƙarfen sabis. Ba haka abin yake ba. Ƙarfen ne ke umartar waya ta rage ko ta ƙara ƙarfin siginar da take turawa, a tsarin 3G ma har sau 1,500 cikin daƙiƙa guda. Idan tana kusa, raɗa ya ishe ta. Idan ta yi nisa, sai ta ɗaga murya, har wat 2 a tsohon tsarin GSM, wato 2G. Shi ya sa a ƙauyen da sabis ke sanda ɗaya za ka ji bayan wayarka ya ɗau zafi, caji na zuba kafin la'asar.