Ruwan ramin kuza: tafasawa ba ta cire ƙarfen da ke ciki

Jama'ar Bukuru, Rayfield, Barikin Ladi da kewaye, dan Allah a karanta a kuma faɗa wa maƙwabta. Aikina duba-gari, kuma abin nan ya daɗe yana damuna.

Ramukan da kamfanonin Turawa suka bari bayan haƙar kuza sun cika da ruwa, yau da su ake noman rani, kabeji, karas, tumatir, wasu na wanki, yara na iyo, wasu ma har sha suke in rijiya ta ƙafe. To yashin da aka tace kuza aka zubar a bakin ramukan nan yana ɗauke da toriyom da yuraniyom, ƙarafa ne masu fitar da radiyeshan, wato wani ɓoyayyen haske mai cutar da jiki, ido ba ya gani, hanci ba ya ji, harshe ma ba zai gane ba. Yuraniyom ƙoda yake fara taɓawa, shi yasa Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce kar ya wuce maikurogiram 30 a kowace lita ta ruwan sha.

Wata dattijuwa ta ce min ai ita tana sa alif ta tafasa. Na ce Mama, wuta ƙwayar cuta take kashewa, ƙarfe ba ya mutuwa, ruwan ne ma ke tafiya a tururi ya bar shi a tukunya. Ruwa ya yi garau ba shaida ba ce.

Abin da masana ke gwadawa yanzu wani gari ne mai matuƙar laushi, nano suke ce masa, ƙwaya ɗaya ba ta wuce nanomita 100 ba, silin gashi ya ninka ta kauri sau ɗaruruwa. Saboda ƙanƙantar nan cokali ɗaya yana da jiki mai yawan gaske da yuraniyom zai manne, kamar yadda gari ke kama jiƙaƙƙen hannu. Wanda ya fi burge ni shi ne na magnatayit, wani ma'adinin ƙarfe da mayen ƙarfe ke ja, a zuba a ruwa a motsa, in ya gama kwashe dafin sai a kawo mayen ƙarfe ya janye garin duka, ruwa ya saura.

Amma fa har yanzu yawancinsa a ɗakin gwaji yake, ba za ka same shi a kasuwar Taminus ba, kar wani ya sayar maka da hoda ya ce ita ce. Garin da ya sha dafin ma shara ce mai haɗari, adana irinta sai da izinin NNRA, hukumar da ke kula da harkar nukiliya a Najeriya.

Kafin garin nano ya iso mana, kar a sha ruwan ramin kuza, kuma a daina ɗibar yashin bakinsa ana filastar ɗaki ko soya gyaɗa da shi.