Matuƙin jirgin soja da na fasinja: wa ya fi samu, wa ya fi kwana a gida?

Duk wanda ya tashi a Garwa ya saba da ƙara iri biyu a sama. Akwai rurin jirgin fasinja mai zuwa daga Duwala ko Yawunde, akwai kuma tsawar ƙananan jiragen yaƙi na sansanin sojan sama mai lamba 301, wanda yake maƙwabtaka da babban filin jirgin garin. Yaro ya ɗaga kai ya ga biyun, ya ce shi ma wata rana. Ni malamin lissafi ne, kuma kowace shekara idan sakamakon bakaloriya ya fito, sai iyaye da ɗalibai su same ni da wannan magana. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da abin da nake amsawa.

Malam, kai tsaye: wa ya fi albashi?

Kaftin ɗin babban kamfanin jiragen fasinja, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. A Amurka, inda hukuma take wallafa irin waɗannan alƙaluma, matsakaicin abin da matuƙin jirgin fasinja ya samu a 2023 ya haura dalar Amurka 200,000 a shekara, wato sama da sefa miliyan 100. A shekarar ce matuƙan kamfanin Delta suka amince da yarjejeniyar da ta ƙara musu kashi 34 cikin ɗari a cikin shekara huɗu. Rundunar sojan saman ƙasar kuwa, don kada matuƙanta su gudu zuwa kamfanoni, ta kai ga yi wa wasu tayin ƙarin kuɗi har dala 50,000 a shekara in sun yarda su tsawaita zama. Ƙasar da ta fi kowa kashe wa soja kuɗi ke nan, amma tana lallashin matuƙanta.

Sai dai wannan kuɗin na wanda ya yi furfura a kujera ne. Sabon mataimakin matuƙi a ƙaramin kamfani, mai bashin makaranta a wuya, yana iya shafe shekaru bai kamo jin daɗin laftanan ɗin da gwamnati ta koyar kyauta ba.

To, a nan Kamaru da Cadi fa? Mu ba Amurka muke ba.

Gaskiya ne, kuma a nan lissafin yake canza fuska. Albashin soja muƙami ne da shekarun aiki suke yanke shi. Kaftin ɗin soja mai tuƙa jirgi da kaftin mai kula da sito tushen albashinsu ɗaya ne, sai dai shi mai tashi sama yana da alawus na tashi a kai. Ba ya ciniki da kowa, ba ya kuma yajin aiki. Idan gwamnati ta yi ƙari, ya samu tare da kowa, kamar kashi 5.2 cikin ɗari da aka ƙara wa ma'aikatan farar hula da sojoji a Kamaru a 2023, da kashi 5 a 2024. Ƙarin ba ya sa mutum ya yi arziki. Amma kuɗin yana zuwa. Manyanmu ba su manta 1993 ba, shekarar da aka zabge albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu, kafin a karya darajar sefa a Janairun 1994. Malaman makaranta sun ji jiki, masu kaki kuwa ba su sha irin wannan zabga ba. Gwamnati ba ta wasa da cikin mai riƙe da bindiga.

Matuƙin kamfani yana da tushen albashi, sannan ana lissafa masa awoyin da ya tashi da kuɗin kwanan waje. Idan jirage suna tashi, ya fi soja nesa ba kusa ba. Tambayar ita ce, kamfanin zai kai baɗi? Mu dubi tarihin yankinmu. Air Afrique, wanda ƙasashe da dama suka haɗa hannu a kai, ya durƙushe a 2002. Cameroon Airlines, da aka kafa a 1971, ya daina tashi a 2008, kuma Camair-Co bai fara jigila ba sai a 2011. A Cadi an buɗe Tchadia Airlines a 2018 da haɗin gwiwar Ethiopian Airlines, aka rufe shi a 2022. Kowace rufewa a cikin waɗannan, akwai matuƙa da iyalansu a bayanta. Shekarar korona ma, 2020, dubban matuƙa a faɗin duniya sun zauna a gida, wasu da rabin albashi, wasu babu ko sisi. Sojan sama bai ji an ce masa ya je gida sai an neme shi ba.

Akwai kuma wata al'ada ta wannan sana'a da mutane ba su sani ba. A kamfanoni da yawa komai bisa layin shigowa yake: hutu, zaɓen hanya, hawa kujerar kaftin. Wanda kamfaninsa ya mutu ya koma wani, sau da yawa ƙarshen layi zai tsaya, ko da ya shekara ashirin yana tuƙi. Shi ya sa za ka ga matuƙanmu na Afirka ta Tsakiya sun watsu, wani yana Lome da kamfanin ASKY, wani Abijan, wani Adis Ababa, wani Dubai ko Doha inda ba a cire harajin albashi kuma kamfani yake ɗaukar nauyin gida. Kuɗin yana can. Gida kuwa yana nan.

Alhaji ya ce: ina da shanu da fili. In sayar in kai yaron makarantar tuƙi?

Alhaji, a zauna a yi lissafi da takarda kafin a kira dillali. A Turai, karatun tuƙi daga farko har zuwa lasisin aiki yakan kai kusan yuro 100,000. Tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ana maganar kimanin sefa miliyan 65 ke nan. Afirka ta Kudu, da makarantar kamfanin Ethiopian a Adis Ababa, da kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya wadda aka kafa a 1964, sun fi wannan sauƙi, kuma Zariya tana da daɗin cewa da yawanmu muna da dangi a can. Duk da haka miliyoyi ne masu yawa, ba kuɗin bijimi biyar ba.

Abin da ya fi damuna shi ne iyaye suna ɗauka lasisi shi ne ƙarshen kashe kuɗi. Yaro zai fito da awoyin tashi 200 ko ƙasa da haka. Kafin ya zauna a kujerar Boeing 737 ko wani jirgin kamfani, sai ya yi horo na musamman a kan wannan samfurin jirgin kaɗai, kuma wasu kamfanoni shi suke bar wa biya. Sai ya kai lasisinsa hukumar kula da sufurin sama ta ƙasarsa ta amince da shi. Cikakken lasisin da zai ba shi damar zama kaftin kuwa sai ya tara awoyi 1,500. Tsakanin 200 da 1,500 ɗin nan ne ake yin zaman jira mai ɗaci, domin lasisi ba takardar digiri ba ce da za a ajiye a akwati. In ba a tashi ba, wasu izinin da ke cikinsa suna ƙarewa, sabunta su kuma kuɗi ne. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ba na cewa kada a sayar. Ina cewa kada a sayar da abin da gida yake ci da shi, kuma a ware kuɗin shekara biyu na bayan makaranta tun daga farko.

Soja shi ne akasin haka. Yaro ya ci gasar shiga, a Kamaru hafsoshi ta makarantar EMIA ta Yawunde suke bi, gwamnati ta ciyar da shi, ta tufatar da shi, ta koya masa tuƙi a gida ko a ƙasar waje, yana karɓar ɗan abin hannu. Ga ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa, wannan ce ƙofar da ba ta tambayar me babansa ya mallaka. Amma guraben kaɗan ne, kuma ba duk wanda ya shiga sojan sama ne yake zama matuƙi ba.

Hajiya ta ce: ni ba kuɗi ne damuwata ba. Wanne zai riƙa kwana a gidansa?

Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, kuma maza ba su cika yin ta ba.

Matuƙin kamfani yana da jadawalin wata. Doka ma tana kare shi daga gajiya: a ƙa'idar Turai ba zai wuce awa 100 a sama cikin kwana 28 ba, ko awa 900 a shekara. Idan ya sauka ya cire kaya, ya tashi daga aiki ke nan, babu mai kiransa fareti. Amma jadawalin bai san Salla ba, bai san suna ko jana'iza ba. Lokacin da kowa yake hutu shi ne lokacin da jirage suke cika. A watan aikin Hajji, wanda ya kwashi alhazai daga Garwa zuwa Saudiyya shi ne wanda 'ya'yansa suka ci naman layya ba ya nan. Mai dogon zango kuma barcinsa ba ya da tsari, yau dare a nan, gobe rana a can, azumi ya same shi tsakanin ƙasashe. Sannan kamfanoni a manyan birane suke da mazauni. Ɗan Marwa ko Ngaundare da ya samu aikin nan, Duwala zai koma ko wata ƙasa.

Soja a lokacin zaman lafiya yana iya fin sa kwana a gida. Na Garwa zai tashi da safe ya tafi sansani, la'asar ya dawo unguwa. Sai dai lokacinsa ba nasa ba ne. Ba ya fita ƙasa sai da izini, ana iya canza masa wurin aiki da takarda ɗaya, kuma rabin aikinsa ba tuƙi ba ne: ofis, gadi, horar da na ƙasa, kwas. Tun da rikicin Boko Haram ya tsananta a Arewa Mai Nisa a 2014, kiran dare ya zama abin da matan sojojin sama suka sani sarai. Na kamfani yana yawan tafiya amma an san ranar dawowarsa. Na soja yana kusa, amma ranar da aka kira shi ba a tambayar yaushe.

Haɗari fa?

Jirgin fasinja yana cikin hanyoyin tafiya mafi aminci a duniya. Idan hazo ya rufe Garwa a watan Janairu, kaftin yana da ikon ya ce ba zai sauka ba, doka kuma tana bayansa. Aikin soja kuwa shi ne zuwa inda wasu suke gudu, ƙasa-ƙasa, da sauri, wani lokaci ana harbi. Mutanen Arewa Mai Nisa suna tune da 22 ga Janairun 2017, ranar da jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a yankin Bogo, Janar Jacob Kodji ya rasu tare da waɗanda suke cikinsa, har da masu tuƙin. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan imaninmu ne, amma yaron da zai sa hannu ya cancanci a gaya masa abin da yake sa wa hannu.

Ɗalibi ya ce: Malam, ni dabarata in shiga soja in koya kyauta, in fita in koma kamfani.

Wannan ce shawarar da na fi ƙi, ɗana. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ƙasar da ta kashe miliyoyi a kanka ba za ta sake ka don ka ga wuri mai maiƙo ba. A sojan saman Amurka alkawarin shekara 10 ne bayan kammala horon tuƙi, kuma ko'ina a duniya soja ba ya ajiye aiki sai an amince masa.

Ko an sake ka, awoyin soja ba duka suke shiga lissafin farar hula yadda kake zato ba. Mai tuƙa jirgin dakon kaya irin C-130, wanda Kamaru da Cadi duka suna da shi, ya fi kowa sauƙin sauyawa, domin ya saba aiki da abokin tuƙi a babban jirgi. Mai jirgin yaƙi gwani ne, amma tashinsa gajere ne, awoyinsa ba sa taruwa da sauri, balle a ƙasashen da mai da kayan gyara suke da tsada. Mai jirgi mai saukar ungulu kusan sabon karatu zai yi. Kuma ba kai kake zaɓen irin jirgin da za a ba ka ba. Dukansu sai sun zauna jarrabawar lasisin farar hula.

Waɗanda suka yi wannan sauyi suka ji daɗi suna nan, kuma kamfanoni suna daraja tarbiyyarsu. Amma sun shiga ne suna son aikin sojan kansa. Wanda ya shiga yana ƙirga kwanakin fita, shekara goma sha za su yi masa tsawo ƙwarai, kuma abokan aikinsa da rayukansu suke hannunsa za su gane.

Idan tsufa ko ciwo ya zo?

Ƙa'idar hukumar sufurin sama ta duniya ta tsayar da matuƙin fasinja mai ƙetare ƙasashe a shekara 65. Kafin nan, likita yana duba shi kowace shekara, daga shekara 60 kuma duk wata shida, ga gwajin ƙwarewa a na'urar kwaikwayon jirgi sau biyu a shekara. Ciwon zuciya ko sukari mai tsanani na iya raba shi da lasisi yana ɗan arba'in, shi ya sa masu hankali suke sayen inshorar rasa lasisi. Sojan da likita ya hana tashi yana nan da kakinsa da muƙaminsa, a ba shi ofis, asibitin soja ya duba shi, fanshonsa na jiransa.

Mace za ta iya?

Ƙwarai. A Nuwamban 2015 Ethiopian ya tashi jirgi daga Adis Ababa zuwa Bankok, matuƙa da ma'aikata duka mata. Sharuɗɗan lafiya da na karatu ɗaya ne ga kowa.

Yarona yana ajin ƙarshe. Da me za mu fara?

Da likita. Kafin a sayar da ko ɗan akuya, kafin a cike takardar gasa, a je a yi cikakken gwajin lafiyar matuƙa wurin likitan da hukumar sufurin sama ta amince da shi: ido, kunne, zuciya, da bambance launuka. Akwai samarin da ba su taɓa sanin ba sa rarrabe ja da kore sosai ba sai a ɗakin gwajin nan, kuma wannan kaɗai yana iya rufe ƙofofin biyu. Bayan haka ya riƙe lissafi da kimiyyar fiziks. Sai Turanci: makarantunmu na arewa da Faransanci suke koyarwa, amma mai tashi tsakanin ƙasashe dole ya ci gwajin Ingilishi aƙalla mataki na 4 cikin 6. A nema masa malami tun wannan hutun, ya riƙa sa shi magana da baki, domin gwajin na sauraro ne da amsawa.