Da Yaro Ya Yi Atishawa Sai Gabana Ya Faɗi: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai uwar da ke tashi sau huɗu cikin dare ta kara kunne a ƙirjin jaririnta don ta ji ko yana numfashi. Akwai uban da zai ga ɗan ƙurji a wuyan 'yarsa, kafin gari ya waye ya karance cututtuka goma a waya, kowace ta fi wata muni. Tambayoyin nan irin nasu ne.

Ɗana kullum cikin mura yake. Anya lafiya kuwa?

Galibi lafiya lau. Ƙaramin yaro kan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, wanda ya fara cuɗanya da yara a makaranta ma ya fi haka. Tarin da ke biyo baya yakan kai mako biyu ko uku, shi ya sa za ki ga wata ba ta tafi ba wata ta iso. Garkuwar jikinsa ce ke koyon aiki.

Zafin jiki nawa ne abin tsoro?

Daga digiri 38 ake kiransa zazzaɓi. In jariri bai kai wata uku ba, 38 kaɗai ya isa a tafi asibiti nan take. Inda ake fama da maleriya kuma, a yi gwajin jini cikin awa 24.

Ban da waɗannan, yaron za ki duba fiye da ma'aunin. Wanda jikinsa ya kai 39 amma yana shan ruwa, yana rigimar sai an ba shi abin wasansa, ya fi kwantar da hankali a kan mai 38 da ya yi laƙwas, ko kallonki ba ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware alamomin haɗari: ya ƙi nono ko ruwa sam, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ko yana da wuyar tadawa daga barci. Sai numfashi. Ki ɗaga rigarsa lokacin da ya natsu, ki ƙirga na minti ɗaya cur. Sau 50 ga ɗan wata biyu zuwa shekara, ko sau 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ya yi sauri, balle in ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki. Ki rubuta waɗannan alamomin a takarda tun yaron yana ƙalau, domin ƙarfe biyun dare ba lokacin tunani ba ne.

In zazzaɓi ya sa shi jijjiga fa?

Ganinta akwai tashin hankali, amma yawanci ba ta barin lahani a ƙwaƙwalwa. Tana samun yara 2 zuwa 5 cikin ɗari, tsakanin wata shida da shekara biyar. A kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa komai a baki, a duba agogo. In ta wuce minti biyar a garzaya asibiti. Ko ta tsaya da kanta, likita ya gan shi.

Likita ya ce ba komai, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Me ke damuna?

Fargaba tana da wata ɗabi'a: duk sanda kika sake auna shi ko kika sake tambayar intanet, za ki sami sauƙi na ɗan lokaci, sai zuciya ta riƙe cewa dubawar ce ta tsare shi. Anjima ta buƙaci wata. Kamar susar ƙaiƙayi ne. Intanet kuwa bai taɓa ganin ɗanki ba, ciwon kai ɗaya zai jero miki daga rashin barci har kansar ƙwaƙwalwa, kuma ido a kan na ƙarshen yake tsayawa.

Ni a ganina, abin da ya fi aiki shi ne ki yi wa kanki iyaka. In babu ko ɗaya daga abin da ke takardar nan, kada ki tashe shi daga barci don awo. Ki tsaya ga likita ɗaya da kika yarda da shi, kuma kafin ki fito ki tambaye shi: “Me zan gani in dawo da shi?” Amsar ta fi “ba komai” riƙe zuciya. In kuwa kin ga yaron ya canza ƙwarai, ki koma ba tare da jin kunya ba. Ke kika fi kowa sanin yadda yake.

Yaushe damuwar kanta ke buƙatar magani?

In ta hana ki barci alhali yaron na barcinsa, ko ta sa kina hana shi wasa da 'yan'uwansa, ko ya fara kallon fuskarki kafin ya yi tari. Takan tsananta bayan haihuwa, ko bayan an taɓa kwana da yaro a asibiti, kuma iyaye maza ma ba su tsira ba. Ki faɗa wa likita kai tsaye cewa wannan karon ke ce kika zo. Akwai magani ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, wanda ake kira CBT, inda ake koya wa mutum rage yawan dubawa sannu a hankali, wani lokaci kuma a haɗa da ƙwayar magani.