Kifin gulbi da sinadaran jiki: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Kifi yana gina jiki kamar nama?
E. Giram 100 na ɗanyen kifi na ɗauke da furotin kusan giram 18 zuwa 20, ko tarwaɗa ce ko karfasa.

Kullum muna cin kifin Argungu, me zai kawo mana maƙoƙo?
Rashin aidin. A teku yake da yawa, kifin gulbi kaɗan yake samu. Babba na buƙatar maikirogiram 150 a rana, mai ciki 250. Ku sayi gishiri mai aidin na cikin leda, ku rufe shi, ku daina ajiye shi a buɗe a gefen murhu. An faɗa, an sake faɗa, har yanzu ana sayen na awo da ba a san asalinsa ba.

Wane kifi ne ke ƙarfafa ƙashi?
Ƙanana da ake ci da kai da ƙaya, irin warangin Yauri. Kalsiyam a ƙayar yake, ga sinadarin ƙarfe da zinki. Ki daka shi lukui, ki tankaɗe, ki zuba ƙaramin cokali a kunun yaron da ya cika wata shida. Kada ki ji tsoro, tankaɗen ne ke raba shi da ƙayar da ba ta daku ba.

Kifi da nono na kawo ciwon fata?
A'a.

To banda fa, daidai take da ɗanye?
Ya danganta. Furotin da kalsiyam da ƙarfe suna nan, wuta ba ta cinye su, sai dai man kifin mai amfanin zuciya yana raguwa idan bandar ta daɗe ko ta ƙone. Abin da ya fi damuna shi ne ajiya. Wasu masu sayarwa na fesa maganin ƙwari don kada tsutsa ta shiga, kuma ido ba ya gane shi kullum. Ki shinshina: in kin ji warin magani, ki bar shi. In ya yi fumfuna ko ya yi laushi a ciki, shi ma haka. Jiƙawa a ruwan zafi na fitar da toka da yashi, wataƙila ya rage magani kaɗan, amma ba tabbas ba ne. In da hali, ki sayi na mai bandar da kika sani, wanda bai wuce 'yan kwanaki da sauka daga wuta ba, musamman in mai ciki ko yaro ne zai ci.

Titus na ƙanƙara ya fi namu?
A mai da aidin, e.

Sau nawa za a ci kifi a mako?
Biyu, aƙalla.